Ɗana, Bar Wa Allah Sandar Hukunci

Ɗana, 'yata, ku da kuka tashi a majami'un ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ku ba ni aron hankalinku. Akwai maganar da ta yi yawa a bakin matasanmu cikin 'yan shekarun nan. Ina jin ta bayan an tashi sujada, ina jin ta a kasuwar Getso, ina jin ta a motar da ke ɗaukar mu daga Gwarzo zuwa Kano, wato maganar tsinuwa. Wannan ya ce tun daga kakanni aka tsine wa gidansu, shi ya sa komai ya taɓa sai ya lalace. Wancan kuwa shi ne mai tsinewar, ya kwana a durƙushe yana roƙon Allah ya saukar da wuta a kan wanda ya cuce shi. Ɗaya tsoro ya cinye shi, ɗaya fushi ya cinye shi, kuma dukansu yara ne masu jini a jika waɗanda gida da ikilisiya suka sa wa rai. Na daɗe a duniya har na ga inda hanyoyin nan biyu suke ɓullewa, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Na san ba haka kawai kuka tashi da wannan zafi ba. Mu Hausawa ne, jikokin Maguzawa, kakanninmu ne suka sare dajin gonakin da muke nomawa, amma sau da yawa sai a yi mana kallon baƙi a garinmu. Kun san wahalar da ake sha kafin a sami filin gina majami'a. Kun san wanda ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa aka tsaya ana jujjuya sunansa. Kun ji labarin Bridget Agbahime, tsohuwa mai sana'a a kasuwar Ƙofar Wambai, da aka kashe ranar 2 ga Yuni 2016, kuma kafin shekarar ta fita kotu ta sallami mutum biyar ɗin da aka gurfanar. Kun ji na Deborah Samuel da aka jajjefe a Kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato, ranar 12 ga Mayu 2022. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda ba ruwansu da addinin kowa, a ƙarshen 2025 suka yi ta tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, nan bayan gidanmu. Wanda ya ga waɗannan ya tambayi Allah har yaushe, bai yi saɓo ba. Annabi Habakuk da wannan tambayar ya buɗe littafinsa. Asaf, a Zabura 73, da bakinsa ya faɗa cewa saura ƙiris ƙafarsa ta zame saboda ganin mugaye suna ƙiba hankali kwance. Allah bai sa an goge kukansu daga Littafinsa ba. Tambayar halal ce. Abin da mutum ya yi bayan ya tambaya, nan ne ake rabuwa.

Bari in fara da masu tsoro, don su suka fi ba ni tausayi.

Akwai wani yaro a ƙasar Kabo, ba zan kama suna ba, ɗan gidan masu bi ne tun daga kaka. Damina biyu a jere masararsa ba ta yi ba. Ya tafi Kano wajen wani mai kiran kansa annabi, aka dafa masa kai, aka ce kakansa ya binne tukunyar tsafi a ƙarƙashin rumbu, kuma kakarsa da ke raye ita ke riƙe da asirin. Aka ce ya kawo kuɗin karya la'ana. Ya dawo ya sayar da tunkiyar mahaifiyarsa, da cikinta, ya koma ya karɓo 'yar kwalbar man zaitun da aka ce an yi addu'a a kanta. Da dare ya tone gindin rumbun har duwatsun da ke tallafe da shi suka goce, bai sami komai ba sai gara. Tun daga ranar ya daina cin tuwon tsohuwar. In ta miƙo masa ƙwaryar fura sai ya kau da kai, ita kuwa ta tsaya riƙe da ƙwaryar hannunta na rawa, ba ta san laifin da ta yi ba. Tsohuwar nan tana cikin matan farko da aka yi wa baftisma a ƙauyen, a bayanta ya fara zuwa makarantar Lahadi. Ta rasu jikanta bai ce mata sannu ba. Amma duk wanda ya san yaron ya san abin da ya cinye masarar. Takin da ya karɓo bashi, rabi ya sayar a kasuwa ya zuba kuɗin a cacar ƙwallo ta waya, maimai kuwa bai yi ba sai da ciyawa ta kai gwiwa.

Ka ga aikin wa'azin tsinuwar gado. Yana sauke laifi daga wuyan mai shi ya rataya wa matacce ko tsohuwar da ba ta da bakin kare kanta, kuma a ƙarshe mai wa'azin ne kaɗai ya ci riba. Masu wannan koyarwa sukan kafa hujja da Fitowa sura 20, inda aka yi maganar alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ɗana, buɗe wurin da kanka ka karanta har ƙarshen zancen. A kan masu ƙin Allah maganar take, waɗanda suka ɗora daga inda iyayensu suka tsaya, kuma nan take aka ce jinƙansa dubbai yake kai wa. Daga nan ka wuce Ezekiyel sura 18. Mutanen da aka kai bauta Babila suna da wani karin magana mai nufin iyaye ne suka ci tsami, 'ya'ya ke fama da haƙori. Allah ya hana su sake faɗinsa. Ya jera musu mutum uku, kaka adali, ɗansa ɗan fashi, da jikan da ya ga aikin ubansa ya ƙi bi, ya ce kowannensu nasa zai ɗauka. Shari'ar Musa ma ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba. Manzo Bulus kuma ya gaya wa Galatiyawa a sura 3 cewa la'anar da ta cancance mu Almasihu ya ɗauke ta a kan gicciye. In ya ɗauka, wace ce ta rage da tunkiyar mahaifiyarka za ta biya?

Gaskiya ne kakanninmu sun yi tsafi. Sun yanka jan zakara, sun zuba wa iskoki jini, kowane gida da kan gidansa. Amma su ɗin ne dai suka saurari bishara lokacin da ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tashoshinta a Kabo da Roni da Tofa, suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka fitar a 1932, suka watsar da kayan tsafin da hannunsu, wasu har danginsu suka guje su. Da ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, irin waɗannan tsofaffin ne ginshiƙanta a ƙauyukanmu. Su da suka san tsafin ido da ido ba su ƙara jin tsoronsa ba. Yaya za a yi jikan da bai taɓa ganinsa ba ya kasa barci saboda shi?

Ka kuma lura, ƙaryar tsinuwa tsohon makamin azzalumai ce. An yi ɗaruruwan shekaru ana wa'azi a Amurka da Afirka ta Kudu wai baƙar fata la'anar Nuhu ce ke bin su, don a halatta bauta da wariya. Alhali a Farawa sura 9 sunan Kan'ana Nuhu ya kama, kuma babu maganar launin fata ko ɗaya a wurin. Duk ranar da wani ya ce maka an haife ka a tsine, tambayi kanka me zai samu in ka yarda.

Abin da na yarda ana gada shi ne hali. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana dawowa daga gidan burkutu yana dukan uwarsa, ya riga ya haddace darasin tun bai san ya haddace ba. Wanda ya ga ana cin bashi ba a biya, shi ma zai ga abin ba komai ba ne. Wannan gadon gaskiya ne, yana bin gida har jikoki, kuma babu man kwalbar da ke wanke shi. Tuba ke karya shi, da zama kusa da mutanen kirki, da yin abin da ya kamata yau da gobe har jiki ya saba.

'Yata, ke kuma ga taki. Na ga gidan da aka binne yara uku, kowanne da kumburin hannu da ƙafa, da idanu rawaya, da kukan dare saboda ciwon ƙashi. Dangin miji suka ce matar ce ta zo da baƙin jini, wasu suka fara raɗe-raɗin maita. Da aka je asibiti aka gwada, sikila ce. Mijin AS, matar AS, kuma in haka ta haɗu, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. A watan Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jini na sikila. Kafin soyayya ta yi nisa, tun ba a kai kayan gaisuwa ba, ki je ki gwada, shi ma ya gwada. Irin wannan zargi aka yi ta yi wa kutare a da, ana cewa fushin Allah ne ya sauka musu, sai ga shi ƙwayar cuta ce da magani ke kashewa. Tun ƙarshen shekarun 1930 masu bi suka yi ta wanke gyambon kutare a asibitin Yadakunya, kuma daga cikin majinyatan nan aka sami masu bishara. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya, ya buɗe masa ido. A Luka sura 13 kuma ya kawo zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima zunubi ba. Saboda haka in kin ji wadda ta ɓata miki rai ta yi ɓari, ko shagon mijinta ya ƙone, kada ki ce Allah ne ya saka miki. Abokan Ayuba haka suka yi ta fassara masifarsa, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa.

To, bakin iyaye fa? Wannan kam kada ka yi wasa da shi. In ka wulaƙanta mahaifiyarka har hawayenta ya zuba, ko ba ta buɗe baki ba alhakinta ya ishe ka, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Maganinsa ka je ka durƙusa tun tana da rai. Amma akwai wanda aka yi wa baki saboda ya bi Almasihu, ko saboda ya ƙi sa hannu a zalunci. Shi kam ya kwantar da hankalinsa. Karin Magana sura 26 ta kwatanta tsinuwar da ba ta da dalili da tsuntsun da ke ta shawagi bai sami wurin sauka ba. Sarki Balak na Mowab ya ɗauko Bal'amu da lada mai tsoka don ya tsine wa Isra'ila, ya yi ta sauya masa tudun tsayawa, amma duk buɗe bakin da ya yi albarka ce ta fito. Ka ci gaba da gaishe su, ka kai musu hatsi da kaka, in ba su da lafiya ka riga kowa zuwa. Na ga uban da ya yi wa ɗansa baki, amma a hannun wannan ɗan ya cika yana sa masa albarka. Ku kuma sababbin iyaye, ku lura da abin da kuke kiran 'ya'yanku in ranku ya ɓaci. Tsinanne, ɗan banza, ba za ka yi albarka ba: yaro yana ji, yana ajiyewa, wata rana ya gaskata. Magana zarar bunu ce.

Kada ka ɗauka ina cewa babu la'ana a Littafi Mai Tsarki. Akwai ta, kuma ina so ka ji tsoronta fiye da yadda kake ji yanzu. Buɗe Maimaitawar Shari'a sura 27. Musa ya umarta cewa in an haye Urdun kabila shida su tsaya a Dutsen Gerizim, shida a Dutsen Ebal, Lawiyawa su ɗaga murya su jera la'ana goma sha biyu, jama'a duka suna amsawa da amin. Duba su wa aka ambata. Mai ɓoye gunki, mai raina uwa da uba, mai matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa, mai ɓatar da makaho a hanya, mai danne haƙƙin baƙo da maraya da gwauruwa, mai lalata a cikin dangi, mai kashe mutum a ɓoye, mai karɓar toshiya don a hallaka marar laifi. Abu biyu nake so ka riƙe. Yawancinsu laifuffukan ɓoye ne, irin waɗanda alƙali ba shi da shaidar kamawa, wato Allah yana cewa inda idon mutum bai kai ba nasa ya kai. Sannan mutanen da suka ce amin, a kan kansu suka faɗa. Babu sunan abokin gaba ko ɗaya a jerin.

Wannan iyakar gona ta fi tsaya mini a rai, don mu manoma ne. Ka san yadda ake yi. Maigida ya rasu ya bar mace da ƙananan yara. Gamba ce aka dasa a kan iyaka tun zamanin kaka. Damina ta farko ƙanen mijin, ko maƙwabci, ya sa garmar shanu ta ci kunya ɗaya. Matar ta gani ta yi shiru don tana takaba. Rani ya yi, aka ƙone gambar wai ana share gona. Damina ta biyu kunya uku suka tafi, aka dasa sabuwar gamba a sabon wuri. Kafin yaran su yi wayo sulusin gonar ya shige, kuma mai wannan aikin yana zaune a bencin gaba ranar Lahadi, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. Shi ne wanda Dutsen Ebal ya ambata. Haka mai awo da ya buga gindin tiyarsa ta ciki don ta rage, wanda Annabi Amos ya yi wa kashedi. Haka wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yini cikin rana suna yankan dawa, da yamma ya ce su dawo ranar kasuwa, ranar kasuwa ya ɓuya. Yakubu a sura 5 ta wasiƙarsa ya ce kukan irin waɗannan ma'aikata yana kaiwa kunnen Ubangiji. Yaranmu suna tone gindin rumbu suna neman la'ana, ga ta kuwa a fili a bakin gona. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu kai mai fushi, zo mu zauna. Na ga abin da kake rubutawa a Facebook duk ranar da aka ji mummunan labari. Na ji irin addu'ar da ta shigo wasu tarukan dare, ana tafi ana buga ƙafa ana kiran mutuwa da wuta a kan maƙiya, har da kama suna. Na san za ka ce Dauda ma ya yi, ga Zabura 109. Haka ne, ya yi, kuma babu laifi ka zube wa Allah duk ɗacin da ke cikinka ba tare da ka tace ba. Amma ka bi Dauda ka ga abin da hannunsa ya yi bayan bakinsa ya gama. Sau biyu Saul ya faɗo hannunsa, a kogo da kuma a sansani yana barci, bai taɓa shi ba. Shimai ya bi shi yana zagi yana jifa da duwatsu, ɗaya daga cikin jarumansa ya nemi izinin sare masa kai, ya hana a ranar. Ya kai ƙara wurin Alƙali, ya bar ta a can. Yakubu da Yohanna kuwa, da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka nemi izini su kira wuta daga sama. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Bayan 'yan shekaru, a Ayyukan Manzanni sura 8, wannan Yohannan ne aka aika Samariya ya yi wa sababbin masu bi addu'a. Da an amsa masa roƙon farko, wa zai je ya samu? Shi kansa Bulus da ya rubuta wa Romawa cewa a sa wa masu tsanantawa albarka, a bar wa Allah ramuwa, shi ne saurayin da ya tsare tufafin masu jifan Istifanas. Istifanas gafara ya roƙa musu yana mutuwa, kuma fiye da rabin wasiƙun da kake karantawa daga hannun ɗaya daga cikinsu suka fito.

Dalilin da ya sa Allah ya riƙe sandar a hannunsa shi ne mu ba mu iya riƙe ta. Ramuwar ɗan Adam kamar wutar da yara ke cinna wa daji da rani ce don su kama gafiya. Gafiyar ta shige rami, iska ta kwashi wutar ta kai ta rumbunan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Mayu 2024, a ƙauyen Gadan na ƙaramar hukumar Gezawa, wani da ke ganin an cuce shi a rabon gado ya kulle masallaci ana sallar asuba ya cinna wuta. Mutane da yawa suka mutu, gadon bai samu ba, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, mutanen da garkuwa da mutane ta ishe su suka tare mota, suka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano yin salla. Masu kisan nan kowannensu yana jin shi ne mai gaskiya, yadda masu jifan Deborah suka ji. Jinin waɗancan mafarauta da nata duk ɗaya ne a gaban wanda ya halicce su, kuma in ranka ya sosu da ɗaya bai sosu da ɗayan ba, ka binciki zuciyarka. Maƙwabcinka Musulmi da kuke gayya tare, wanda ya zo ta'aziyyar mahaifinka ya zauna kan tabarma har yamma, bai kashe kowa ba. Kada ka ɗora masa laifin wani, tunda kai ma ka ƙi a ɗora maka na kakanka.

Barin hukunci ga Allah kuma ba naɗe hannu ba ne, nan ma yaranmu sukan yi kuskure. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba bisa ƙa'ida ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. A gaban Festus ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar. Gwauruwar da Yesu ya ba da misalinta a Luka sura 18 ta yi ta sintiri wurin alƙali har ya gaji ya bi mata haƙƙinta. In an ci iyakarka, akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi, akwai kotu. In ba ka da kuɗin lauya, gwamnati tana da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali tun 1976, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tun 1995, dukansu suna da ofis a Kano. In ka sayi gona ko fili a rubuta, shaidu su sa hannu, dagaci ya buga hatimi, ka adana takardar inda gara ba za ta ci ba. In aka kira ka shaida ka faɗi abin da ka gani, ko a kan ɗan majami'arku ne. Hanyar tana da jinkiri, wani lokaci ma ta toshe, yadda ta toshe a shari'ar Ƙofar Wambai. Amma takan buɗe. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe, Kano gaba ɗaya ta tsaya mata, Musulmi da Kirista, kuma ranar 28 ga Yuli 2022 Babbar Kotun Jiha ta yanke wa mai makarantar, Abdulmalik Tanko, hukuncin kisa.

Wanda kotun duniya ta saki fa? Karanta labarin Nabot a 1 Sarakuna sura 21. Ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar gadonsa. Yezebel matar Ahab ta rubuta wasiƙu da hatimin sarki, aka samo shaidun zur biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Komai ya tafi daidai, babu wanda aka kama. Ahab ya shiga gonar yana zagayawa, sai ga Iliya a gabansa da saƙo. Hukuncin bai sauka a ranar ba, har ma da Ahab ya ƙasƙantar da kansa Allah ya jinkirta masa, abin da zai nuna maka ya fi son tuba a kan hallaka. Amma shekaru suka wuce, kibiyar da aka harba ba da saiti ba ta sami Ahab a Ramot Gileyad, aka jefo Yezebel daga taga, ɗansu Yoram da ya bi sawunsu a cikin gonar Nabot ɗin aka jefar da gawarsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba zan yi maka ƙarya in ce kowane azzalumi za ka ga ƙarshensa da idonka ba. Wasu a kan gadonsu suke mutuwa, a yi musu babbar jana'iza. Mai Hadishi ya lura cewa jinkirin hukunci shi ke ƙara wa mugaye ƙarfin hali, Bitrus kuma ya ce jinkirin haƙuri ne don a sami masu tuba. A Ru'ya ta Yohanna sura 6 rayukan waɗanda aka kashe sun yi tambayar Habakuk, aka ce su ɗan ƙara jira. A sura 20 aka buɗe littattafai, manya da ƙanana suna tsaye. Ranar nan babu fayil ɗin da zai ɓata, babu shaidar da za a saya, kuma naka littafin yana cikin waɗanda za a buɗe. Bitrus ya ce daga gidan Allah za a fara.

Don haka ga roƙona gare ka, ɗana. Kafin ruwan shuka ya sauka, je ka bakin gonarka ka duba gambar, in ta matsa daga inda ka san take, mayar da ita, ka je da ƙafarka ka gaya wa mai gonar. In akwai ɗan ƙwadagon da ke binka, biya shi a wannan makon. 'Yata, in akwai tsohuwar da aka sa kika daina gaisarwa, ɗauki ɗan goro ki je tun tana numfashi. Wanda kuma aka cuta har abin ya hana shi barci, ya same mu dattawa bayan sujada ranar Lahadi. Za mu zauna mu ji, mu yi addu'a tare, in ta kama a raka shi wurin dagaci ko kotu za mu raka shi. Kada ka ƙara kai kuɗinka wurin mai karya la'ana, kuma kada ka kwana da maganar kai kaɗai.